Injin ban ruwa ma yana numfashi

Ƴan uwa manoma, hunturu shi ne lokacin aikin lambu a kwarurrukan ƙasar Gure, irin su Kilakina, inda ake noman albasa da rogo da rake a gindin dabino. Shi ne kuma lokacin ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris iska tana tasowa daga arewa maso gabas. Tana ɗauko hazo tun daga Bodele, can arewacin Cadi, ta haɗa da rairayin tuddan da suka kewaye mu. Mu kan ja rawani mu rufe hanci. To, injin ban ruwa fa, da me yake rufe nasa?

Inji ba mai kaɗai yake sha ba. Kafin ya ƙone lita 1 ta man fetur, sai ya shaƙi iska kusan lita 9,000, wato cikin ganga 45. Duk wannan iska ta ƙofa ɗaya take shiga. A bakin ƙofar akwai matacin iska, wanda makanikai ke kira filta. Aikinsa irin na gashin hancinmu ne: iska ta wuce, ƙura ta tsaya.

Mataci iri uku ne. Akwai na soso, akwai na takarda mai ninki-ninki, akwai kuma mai kwanon mai a ƙasa, wanda muka fi gani a manyan injunan niƙa.

Idan mataci ya yage, ko ramukansa sun yi faɗi, rairayi yana shiga cikin inji. Can sai ya gauraya da mai, ya riƙa cin fistan da zobbansa kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Ba a ganin ɓarnar a rana ɗaya. Sannu a hankali inji ya rage ƙarfi, ya fara shan man inji, hayaƙinsa ya koma shuɗi-shuɗi, tayar da shi ya zama wahala. Wasu daga cikinmu, da zarar inji ya fara tari, sai su cire matacin su ajiye, su ce ai ga shi ya sami ƙarfi. Gaskiya ne, ya samu, amma na ƴan kwanaki ne, kuma kuɗin gyaran da zai biyo baya ya fi kuɗin mataci nesa ba kusa ba.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda masu tattali suka fi yi. Mutum ya yanko soson katifa mai kauri ya cusa, ko ya naɗe bakin da tsumma ninki uku, don kada ƙura ko ƙwaya ɗaya ta shiga. Niyyar mai kyau ce, amma an shaƙe inji. Iska ta yi kaɗan, mai ya yi yawa, ba ya ƙonewa duka. Sai hayaƙi ya yi baƙi, buji, wato filogi, ya yi kunkunniya, mai ya riƙa ƙarewa tun ba a gama fangalai ba. Matacin da ƙura ta toshe ma haka yake yi. Ko na'urar sanyaya ɗaki ta asibiti, in an sa mata mataci mai tsauri fiye da kima, iska ba ta wucewa sosai, injin fankarta ya yi ta zafi.

Nan akwai batun lafiya. Injin da aka shaƙe yana ƙara fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa. Kada mu tayar da inji cikin ɗaki. In an saukar da shi cikin rijiya don ya kusanci ruwa, kada kowa ya shiga yana aiki, ko da an kashe shi yanzu-yanzu.

Saboda haka mu sayi mataci daidai da injinmu. Mu tafi kasuwa da tsohon, a gwada da sabon. Ya zauna daram, ba kafa a gefe.

Kamfanin Honda ya ce a duba mataci duk ranar aiki, a share shi bayan awa 50, kuma a wurin ƙura kada a jira hakan. A hunturunmu, mu dai muna ganin kowane mako ya fi.

Na soso a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe sarai. Sannan a tsoma shi cikin sabon man inji, a matse har ya daina ɗiga. Man ne ke kama ƙura. Kada a wanke da man fetur, saboda gobara. Na takarda ba ya son ruwa, ba ya son mai. A bubbuga shi a hankali bisa itace, a ɗaga shi wajen rana. In haske bai ratsa shi ba, ko an ga huda, a sake wani. Mai kwano kuwa a zubar da tsohon man da laka, a goge, a zuba sabo daidai layin da aka zana a jikinsa.