Darasi: Yadda Za Ka Daidaita Ɗumin Akwatin Macijin Kiwo Ba Tare da Ka Ƙona Shi Ba

Duk wanda ke yawan leƙa TikTok da YouTube ya san bidiyoyin nan na Turawa masu kiwon wata ƙaramar mesa da suke kira ball python, wadda idan ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, 'yar gida ce. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Amurka da Turai. Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma idan ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30.

Matsalar ita ce, masu waɗannan bidiyoyi suna zaune ne a ƙasashen ƙanƙara. Matashin da ke Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha, idan ya kwaikwaye su ido rufe, zai iya dafa dabbarsa da hannunsa. Darasin yau a taƙaice shi ne: kada ka kunna abin ɗumamawa sai ka auna, kuma kada ka kunna shi ba tare da na'urar da za ta kashe shi da kanta ba.

Me ya sa zafi yake da muhimmanci ga maciji?

Jikin mutum yana samar da ɗuminsa da kansa. Maciji ba haka yake ba, daga waje yake samun ɗumi. A daji wannan mesa tana ɓuya a ramin ɓeraye ko cikin suri, ta matsa inda ya yi mata daidai. A cikin akwati ba ta da wannan zaɓi sai wanda ka ba ta. Idan sanyi ya yi yawa abinci ba zai narke a cikinta ba, sai ta amayar da shi, ko ta kamu da ciwon numfashi. Idan zafi ya yi yawa kuma, mutuwa ce cikin 'yan awanni.

Saboda haka ake raba akwati gida biyu:

1. Ɓangaren ɗumi: digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos.
2. Ɓangaren sanyi: digiri 24 zuwa 27.
3. Da dare: kada ya sauka ƙasa da 23.
4. Danshin iska: kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari.

A sa mata maɓoya a kowane ɓangare, don kada tsoro ya tilasta mata zama inda bai dace da jikinta ba. Duk inda ya haura 35 haɗari ne.

A lura, 'yan Amurka da ma'aunin Faranhait suke magana. Idan ka ji an ce 90, ka cire 32, ka ninka da 5, ka raba da 9, za ka samu kusan 32. Kalkuletar wayarka ta ishe ka.

Yanayin Kaduna ba na Landan ba ne

A nan, yawancin watannin shekara ɗaki kansa yana kusa da abin da ake bukata. Lokuta biyu ne ke da wuya. Na farko hunturu, musamman Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba yakan sauko har ƙasa da digiri 15 a waje, iska kuma ta bushe ƙarau. A nan ne ake bukatar ɗumamawa. Na biyu bazara, Maris da Afrilu, lokacin da rana takan haura 35, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi haka. A wannan lokaci aikinka ya juye: ka cire abin ɗumamawa daga soket, ka sauko da akwatin ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Akwatin gilas ko na roba da rana ta haska kai tsaye, tamkar mota ce da aka rufe a rana.

Wayarka ba ma'aunin zafi ba ce

Akwai manhajoji a Play Store da ke iƙirarin auna zafin ɗaki. Mafi yawan wayoyi ba su da sensar yin wannan aiki. Abin da manhajar ke nuna maka ko dai zafin batirin wayar ne, ko hasashen yanayin gari da ta ɗauko daga intanet. Kada ka ɗora ran dabba a kan wannan.

Abin da wayar za ta iya yi shi ne karanta saƙon ma'auni na gaskiya. Kamfanoni irin su Xiaomi da Govee da SwitchBot suna yin ƙananan ma'aunan zafi da danshi masu haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ka sa ɗaya a kowane ɓangare. Babban amfaninsu shi ne suna ajiye tarihi, da safe ka buɗe manhaja ka ga iya inda sanyi ya kai da ƙarfe huɗu na asuba kana barci. Wasu ma suna turo gargaɗi idan an wuce iyakar da ka saita. Sai dai Bluetooth ba ya nisa, idan kana so ka duba daga makaranta ko kasuwa sai mai Wi-Fi.

Ma'aunin nan mai kama da bindiga da ya yawaita lokacin korona a 2020 shi ma yana da amfani wajen auna zafin daɓen akwati. Amma ka sauya shi daga saitin jikin mutum zuwa saitin kaya, in ba haka ba lambar ƙarya zai ba ka.

Abin ɗumamawa da mai tsaronsa

Kayan ɗumamawa iri biyu ne suka fi dacewa. Akwai shimfiɗar ɗumi ta lantarki, wadda ake sawa a ƙarƙashin akwati daga waje, ta rufe kashi ɗaya cikin uku na gindinsa kawai. Akwai kuma ƙwan ɗumi na tangaran, mai ba da zafi ba haske, wanda ake rataya shi a sama cikin ragar ƙarfe don kada macijin ya naɗe shi. Ƙwan fitila mai haske bai dace da dare ba, domin yana hana dabbar bambanta dare da rana.

Kowanne ka zaɓa, sai ya bi ta tamostat, wato na'urar da ke kunna wuta ta kashe gwargwadon zafin da sensarta ta ji. Shimfiɗar da ba ta da tamostat takan wuce digiri 45, kuma maciji yakan ci gaba da kwanciya a kan abu mai zafi har fatar cikinsa ta saluɓe. Idan kuɗinka bai kai na tamostat ba, jinkirta sayen shimfiɗar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mai sauƙin samu ita ce STC-1000, wadda masu injin ƙyanƙyasar ƙwai suka sani sosai. Saitinta kamar haka ne:

1. F1 shi ne zafin da kake so. Sa 32.
2. F2 shi ne tazara. Sa 1. Ma'ana za ta kunna idan zafi ya sauka 31, ta kashe idan ya kai 32.
3. F4 na gyaran awo ne, idan ka ga ta saɓa da ma'auninka.

Ka ɗaure sensar a daidai wurin da ya fi zafi. Kada ka yi amfani da salatif a cikin akwati, yakan manne a jikin maciji ya yage fata. Haɗa wayoyin STC-1000 aikin mai gyaran wuta ne, kada ka yi kasada. Kuma filogin zamani da ake kunnawa ta waya ba tamostat ba ne, agogo yake bi, bai san zafi ba.

Kafin ka yi oda daga waje, duba ƙarfin wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Kayan da aka yi wa Amurka za su ƙone da zarar ka soka su a soket.

Idan an ɗauke wuta fa?

Shimfiɗa mai wat 15 idan ta yi awa 10 tana aiki, yunit 0.15 kacal za ta ci a mita, don haka ƙaramar inbata ko sola za ta ɗauke ta. Ƙwan tangaran mai wat 100 kuwa yunit 1 zai ci a wannan lokaci. Akwai shimfiɗu masu USB na kimanin wat 10. Fawa bank mai 20,000mAh, wato kusan wat-awa 74, zai riƙe irin wannan awa biyar zuwa shida. Ka gwada tukuna, domin wasu fawa bank suna mutuwa da kansu idan jan wuta ya tsaya, kuma ba sa sake tashi sai an danna.

Idan babu ko ɗaya, zuba ruwan ɗumi a gora, naɗe ta da tawul, jingina ta a jikin akwati daga waje, sannan ka lulluɓa bargo ka bar kafar iska. Kada ka kusanto da gawayi ko risho ko kyandir. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum ma, balle dabba.

Bushewar hunturu kuma takan hana maciji yin saɓa da kyau, tsohuwar fata ta maƙale masa a ido da wutsiya. Faffaɗan kwanon ruwa da maɓoya mai ɗan danshi suna maganin wannan.

Kafin ka kawo dabbar

Ka haɗa komai, ka bar shi yana aiki kwana biyu akwati babu kowa, kana bin lambobin a waya dare da rana. Sai sun zauna daram sannan ka sa ta.

Kada kuma ka ɗauko maciji a gona ko bakin kogin Kaduna da sunan kiwo. Kububuwa da kasa da kumurci duk muna da su, kuma kuskuren gane su rai yake ci. Ita ma wannan mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya tana da dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985. Ka tuntuɓi likitan dabbobi, ka kuma sanar da mutanen gida, ka tabbata murfin akwatin yana kulluwa.

Idan kuwa kiwon maciji ba layinka ba ne, darasin bai faɗi ƙasa ba. Wannan tamostat da wannan ma'auni su ne za su tsare maka 'yan tsaki a makonsu na farko, lokacin da suke bukatar ɗumin digiri 32 zuwa 35. Sai mun haɗu a darasi na gaba.