Yadda ake mayar wa gona abincin da ta bayar

Yawancin gonakin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura jigawa ce, ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa ko taki na tsawon lokaci. Duk damin gero ko dawa da aka ɗauke daga cikinta, an tafi da wani abu na ƙarfinta: naitirojin mai sa ganye kore, fosfaras mai ƙarfafa saiwa da ƙwaya, da fotasiyam mai sa kara tsayuwa. Idan ba a mayar ba, sai ka ji manomi na cewa gona ta gaji, wuta-wuta ta mamaye ta. Ga yadda ake mayarwa.

Aikin yana farawa ne da kaka. Bayan an yanke hatsi, sai a tattara kara, a ɗaure harawar wake da ta gyaɗa tun ganyen bai zube ba, a ɗora kan rufin ɗaki ko reshen bishiya. A nan ne wasu ke yin asara babba, su cinna wa ragowar kara wuta don gona ta yi fes. Wuta tana kora naitirojin sama, toka kaɗai take bari, ita ma iskar hunturu ta kwashe rabinta.

Daga nan sai turke. Awaki, tumaki da shanun huɗa su ci harawa, dusa da kowar wake duk tsawon rani. Dabba ba ta riƙe duk abin da ta ci. Mafi yawansa yana fita a kashi da fitsari. Fitsarin ma ya fi saurin amfani, amma shi ya fi saurin gudu, don haka a riƙa shimfiɗa ƙaiƙayi ko guntayen kara a turken su tsotse shi. Kullum a share, a haɗa da tokar murhu da sharar gida a juji. Leda, batir da fasassun kwalabe kuwa a tsince su tun a nan, kada su kai gona.

Jujin yana son kulawa. A tara shi a inuwa ko cikin rami, a yayyafa masa ruwan wanke-wanke, a juya shi lokaci-lokaci. Idan ka cusa hannu ka ji ɗumi, ƙananan halittun da ido ba ya gani suna ruɓar da shi ke nan. Ya nuna idan ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, yana kuma kai irin ciyawa gona.

Da bazara sai a kwashe a mangala bisa jaki ko a amalanken shanu, a zuba tsibi-tsibi, a fi ba wa wuraren da amfani ya yi rauni bara. Kada a baza da wuri rana ta gasa shi. A bari sai ruwa ya kusa, wajen watan Mayu zuwa Yuni, a baza a bi da huɗa. Mai gona nesa da gari kan shirya da makiyaya su kwana da garkensu a ciki bayan girbi, ya ba su hatsi. Wannan tsohuwar ma'amala ta amfani kowa, kuma abin takaici ne yadda take raguwa.

Akwai masu taya manomi aiki ba tare da ya biya su ba. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma gero ba ya iya ɗaukarsa daga iska. Wake da gyaɗa suna iyawa, ta ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu. Shi ya sa iyayenmu ke surka wake cikin gero. Gawo ma haka yake, ga shi yana zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana da taki. Manoman Maraɗi da na Damagaram mai maƙwabtaka da Babura, tun shekarun 1980 suke barin tohon itatuwa ya girma a gonakinsu, har filayen da suka farfaɗo suka kai wajen hekta miliyan 5. Gara tana jan kara cikin ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ita ma tana sauke ɗan fotasiyam da fosfaras.

Duk da haka zagayen ba ya cika. Buhun riɗi ko wake da aka kai kasuwar Dawanau, da ragon da aka loda zuwa Legas, sun tafi da abincin gonar ba dawowa. Wannan giɓi ne takin zamani ke cikewa: NPK kaɗan a gindin shuka bayan tsiro, sannan yuriya lokacin noma na biyu, a rufe da ƙasa mai laima. A kan rairayi tsura ruwan sama yana wanke shi ya wuce saiwa. A ƙasar da ta sha takin gida ne yake zama.

Manomi ɗan'uwa, bana kada ka ƙona kara, kuma duk ƙaramin gawon da ka tarar lokacin sassabe, ka bar shi ya girma.