Layukan Imel Ɗina Suna Kakkaryewa

Tambaya: In na tura imel na zallar rubutu, sai ya isa da wani layi dogo, wani guntu. Me ke jawo haka?

Amsa: Malam, yanka biyu ake yi wa saƙonka. Manhajar imel ta Thunderbird kan yanke layi a harafi na 72, allon wayar mai karɓa kuwa bai kai faɗin nan ba, sai ta sake yankewa, kalma ɗaya ko biyu su zubo ƙasa su kaɗai. Amsa kan amsa ta fi dagula lamarin, don kowace alamar > da ake sa wa layukan saƙon da ake amsawa tana ƙara wa layi tsawo.

Kada ka danna Enter sai ƙarshen sakin layi. Ka bar tsarin format=flowed a kunne, shi ke ba manhajar mai karɓa damar sake jera layukan, ko da yake ba kowace manhaja ke girmama shi ba. Saƙon da ka ɗauko kana amsawa kuma, umarnin Rewrap na Thunderbird zai daidaita maka shi.