Darasin Kimiyya: Karo-karo ta Intanet da Gina Manyan Wasannin Kwamfuta

Matashin da ke zaune a shagon cajin waya a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, wadda aka fi sani da PK5, yana buga wasa a wayarsa da mutanen da bai taɓa gani ba, yana iya tambaya: wa ya biya kuɗin gina wannan wasa? Shin masu son wasa za su iya haɗa kuɗi su gina nasu? Domin samun amsa, za mu fara da sanin abubuwa biyu, sannan mu yi lissafi, mu kuma duba waɗanda suka gwada.

Mataki na farko: mene ne karo-karo ta intanet?

Hanya ce da mai wani aiki yake bayyana shirinsa a shafin intanet, ya faɗi adadin kuɗin da yake nema da wa'adin tara su, jama'a kuma su ba da abin da ya sawwaƙa. Shafin da ya fi suna shi ne Kickstarter, wanda aka buɗe a Amurka a 2009. Ƙa'idarsa ita ce: idan wa'adi ya cika ba a kai adadin ba, ba a cire wa kowa ko sisi. Idan an kai, shafin yana ɗaukar kashi 5 cikin 100, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki wajen kashi 3 zuwa 5, saura ya tafi ga mai aikin. A lura cewa wanda ya ba da kuɗi ba bashi ya bayar ba, ba kuma hannun jari ya saya ba. Alkawari aka yi masa cewa zai sami wasan idan an gama.

Mataki na biyu: mene ne babban wasan taro?

Wasannin kwamfuta iri biyu ne a darasinmu. Na farko shi ne wanda mutum yake bugawa shi kaɗai: an gina, an sayar, aiki ya ƙare. Na biyu shi ne wanda dubban mutane suke shiga duniya guda a lokaci guda, kamar World of Warcraft da ya fito a 2004. A nan, duniyar wasan ba a wayarka take ba. Tana cikin manyan kwamfutoci da ake kira sabar, waɗanda ba a kashe su dare da rana. Idan ka danna maɓalli, wayarka tana aika saƙo zuwa sabar, sabar ta tantance abin da ya faru, sannan ta sanar da duk wanda abin ya shafa.

Gina irin wannan wasa yana da wahalhalu uku. Wahala ta farko daga yawan 'yan wasa take fitowa. Idan mutum 10 suna wuri guda, kowa yana ganin kowa, alaƙoƙin da ke tsakaninsu 45 ne. Idan suka zama 100, alaƙoƙin sun koma 4,950. Idan suka kai 1,000, sun zama 499,500. Ka ga ke nan mutane sun ninku sau 100, aikin kuwa ya ninku fiye da sau 11,000. Shi ya sa injiniyoyi suke yanka duniyar wasa zuwa shiyyoyi, kowace sabar ta riƙe tata, kuma wannan aiki ne mai cin shekaru.

Wahala ta biyu ita ce jinkirin saƙo. Haske yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin zaren gilashin da ke ɗaukar intanet. A ƙaddara sabar tana Paris: daga Bangui zuwa can kusan kilomita 5,000 ne, don haka zuwa da dawowa ba za su gaza kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa ba, ko da waya ta miƙe sambal. A zahiri ba ta miƙewa: sai ta bi ta Kamaru ko Kwango ta shiga teku. Mai wasan da yake son jama'arsa su ji daɗi dole ya kama hayar sabar a nahiyoyi daban-daban.

Wahala ta uku ita ce jama'a. Irin wannan wasa kamar kasuwar Kilomita Biyar yake: ba rumfuna ne kasuwa ba, masu saye da sayarwa ne. Ranar da mutane suka ragu, wanda ya zo zai tarar da wuri fayau, gobe ba zai dawo ba, amma kuɗin wuta da na masu gadi suna nan yadda suke.

Mataki na uku: lissafi

A ƙaddara an tara Dala miliyan 2. Bayan cire la'ada, saura kusan miliyan 1.8. A ƙaddara kuma akwai ma'aikata 30, masu rubuta manhaja da masu zane da masu gwaji, kowanne yana cin wa kamfani Dala 6,000 a wata. Kuɗin wata ɗaya ya zama Dala 180,000. Cikin wata 10 asusu ya ƙare, alhali irin wannan wasa yakan ɗauki shekara huɗu ko fiye. Matsalar a fili take: karo-karo sau ɗaya yake shigowa, kashe kuɗi kuwa kowane wata ne, kafin wasa ya fito da bayan ya fito.

Mataki na huɗu: waɗanda suka gwada

Elite Dangerous na kamfanin Frontier a Ingila ya tara kusan Fam miliyan 1.6 a Kickstarter zuwa Janairun 2013, ya kuma fito a Disambar 2014. Sai dai kamfanin tsoho ne, yana da ma'aikata da fasaharsa, kuma ya zuba nasa kuɗin da suka zarce abin da jama'a suka bayar.

Crowfall ya tara kusan Dala miliyan 1.8 a 2015. Bai fito ba sai Yulin 2021, kuma a Nuwamban 2022 aka kashe sabar ɗinsa. Chronicles of Elyria ya tara kusan Dala miliyan 8 daga hannun masoya, amma a Maris 2020 aka sallami ma'aikata ba tare da wasan ya fito ba.

Star Citizen na Chris Roberts darasi ne na daban. An fara tara masa kuɗi a 2012 da alkawarin fitowa a 2014. Zuwa 2025 ya tara fiye da Dala miliyan 800, akasari ta sayar da jiragen sararin samaniya na cikin wasa, amma a lokacin yana matakin gwaji. A nan ba rashin kuɗi ba ne. Duk lokacin da kuɗi suka ƙaru sai alkawura su ƙaru, aiki ya yi ta faɗaɗa, ranar gamawa ta yi ta ja da baya.

Mataki na biyar: abin da ya shafe mu

Maƙwabtanmu sun bi hanyar da ta dace da ƙarfinsu. Kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yaounde ya tara kusan Yuro 50,000 a Kickstarter a 2015, wato sefa miliyan 32 da ɗoriya, a kan jarin da ya riga ya samu daga masu zuba kuɗi. A Afrilun 2016 ya fitar da Aurion, wasan da mutum yake bugawa ba tare da buƙatar taron jama'a a sabar ba. Haka kuma Teddy Kossoko, ɗan asalin Bangui da ya kafa Masseka Game Studio a Faransa, ya fara ne a 2018 da Kissoro, wasan gurabe da 'ya'ya na gargajiyar ƙasar nan, wanda ya mayar na waya. Dukansu biyu sun zaɓi aikin da ke da iyaka, wanda ake iya gamawa.

Ga matasan Kilomita Biyar akwai ƙarin abin lura. Wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa, data tana da tsada, kuma shafukan karo-karo na waje katin banki suke nema, alhali a nan an fi sabawa da kuɗi a hannu ko a waya. Wasan da ya dace da wannan yanayi shi ne ƙarami, mai aiki a waya mai arha, wanda mutum biyu ko huɗu za su buga ko da intanet ta yi rauni.

Taƙaitawa

Karo-karo yana iya nuna cewa akwai masu son wasa, yana kuma iya biyan kuɗin samfurin farko ko kammala ƙaramin aiki. Shi kaɗai ba ya ɗaukar nauyin babban wasan taro, domin wannan yana buƙatar jari na shekaru da kuɗin shiga na kullum. Idan aka nemi gudunmawarka, yi tambaya uku: masu aikin sun taɓa gama wani wasa? Akwai samfurin da ake iya bugawa yau? Wa zai biya hayar sabar bayan shekara ɗaya? Idan babu amsa gamsasshiya, riƙe kuɗinka.