Amsoshin Tambayoyinku: Wace Unguwa Zan Sauka a Legas?

Wani mai sauraronmu daga Katsina ya ce zai je Legas karon farko sarin kaya, yana tambayar unguwar da ta dace ya sauka.

To Malam, a Ikko, wato Legas, ba a fara tambayar kuɗin ɗaki, tazara ake fara aunawa. Ka sauka kusa da inda harkarka take. Gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, kuma da safe sai ka ga motoci sun yi cirko-cirko a kanta, masu tallar ruwa suna ratsawa tsakaninsu a ƙafa. Wanda ya kama ɗaki mai araha can nesa, rarar da ya samu a kuɗin mota za ta ƙare, ga wahala.

In atamfa da leshi za ka saro a kasuwar Balogun, nemi masauki wajen Obalende. Kayan lantarki kuwa suna Alaba, can Ojo. Mai jinya a asibitin koyarwa na LUTH, Idi-Araba ce tasa.

Ni dai baƙon farko Agege na fi so masa. Hausawa sun daɗe da kafuwa a can, ga masallatai, ga tuwo da miyar kuka, ga Sarkin Hausawa idan wata matsala ta taso, kuma filin jirgin Murtala Muhammed ba nisa.

Don Allah ka isa da rana, ka duba ruwa da wuta da makullin ƙofa kafin ka biya. Allah ya kai ka lafiya.