ƊAN ƘWALLO DA LADAN AIKINSA A MA'AUNIN SHARI'A

 

Darasinmu na wannan mako ya shafi wata muhawara ce wadda samari ke tafkawa a gidajen kallo da bakin kasuwa, tun daga Kankiya da Kusada har ƙauyuka irin su Bauranya, watau ko ɗan ƙwallon da ya fito fili ya ce shi don kuɗi yake wasa ya yi abin kunya. A shekarar 2010 wani ɗan wasan Kamaru, Benoit Assou-Ekotto, wanda yake yi wa ƙungiyar Tottenham ta Ingila wasa a lokacin, ya shaida wa wata jarida cewa ƙwallo aiki ne kurum a wurinsa, albashi ne ya kai shi Ingila, kuma yana mamakin 'yan wasan da ke ɓoye wannan gaskiya. Masu kallo da yawa suka ji haushi, suka ce ba shi da kishi.

To, a ganinmu maganar wannan bawan Allah ta fi kusa da ma'aunin fiƙihu bisa ga fushin masu fushi. Shari'a ba ta umarci kowa ya ba wata ƙungiya zuciyarsa ba. Abin da ta sani tsakanin mai wasa da mai biyansa shi ne ƙulla ijara, watau mutum ya sayar da amfanin ƙarfinsa zuwa wani lokaci sananne bisa lada sananne. Yin ƙodago kuwa ba aibi ba ne. Suratul Ƙasasi ta ba mu labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya yi aikin ijara a Madyana bisa sharaɗin shekara takwas, in ya cika goma kyautatawarsa ce. Imam Buhari kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah da kansa ya yi wa mutanen Makka kiwon dabbobi bisa 'yan ƙiraɗai kafin a aiko shi.

Malamai sun saɓa a kan mai da wasa sana'a. Wasu sun ƙi shi, suka ce lahawu ne, ba ya cikin amfanin da ake biyan lada dominsa, suka kafa hujja da cewa littattafanmu na Malikiyya, kamar Muhtasar na Shaihu Halil, sun taƙaita sa kyauta a gasa ga tseren dawaki da raƙuma da harbi. Wasu kuwa suka bambanta tsakanin kuɗin da 'yan takara ke zubawa wanda ya yi nasara ya kwashe, wanda shi ne caca, da albashin da ake yanka wa mutum ko an ci ko an faɗi. Wannan ra'ayi na biyu shi muka fi karkata gare shi. Mu mutanen Katsina ma ba baƙi ba ne ga wasannin motsa jiki: Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wasan folo a ƙasar Katsina, kuma sunansa ne babban filin wasan birnin Katsina ke ɗauke da shi.

Amma fa a lura, wanda ya ce ƙwallo aiki ne ya ɗaure kansa da igiya mai ƙarfi, ko ya sani ko bai sani ba. 'Yar dattijon Madyana siffa biyu ta ambata sa'ad da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa, ƙarfi da amana. Kai mai karatu, idan ka ɗauki 'yan ƙodago su nome maka gonar dawa daga safe zuwa azahar, ba ka tambayarsu ko suna ƙaunar gonarka. Abin da kake dubawa shi ne ko sun cire ciyawar ko kuwa sun binne ta da ƙasa sun wuce. Haka ɗan wasa yake. Malaman fiƙihu suna kiran irinsa ajiri na musamman, wanda lokacinsa ya zama haƙƙin wanda ya ɗauke shi. Idan ya ƙirƙiro ciwon ƙarya don ya guje wa atisaye, ko ya rage ƙwazo don ya tilasta a sayar da shi ga wata ƙungiya, to, ya ci wani ɓangare na albashinsa ba bisa haƙƙi ba.

Mafi munin wannan shi ne sayar da wasa. Ba a manta abin da ya faru a Bauchi a watan Yuli na 2013 ba, ranar da ƙananan ƙungiyoyi biyu masu neman hawa mataki suka tashi da ci 79 da babu da kuma 67 da babu, abin da ko yaro ya san ba ƙafa ce ta yi shi ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta haramta wa 'yan wasan da abin ya shafa wasa har iyakar rayuwarsu. Wannan hukuncin duniya ke nan. A Shari'a kuwa ha'inci ne da rashawa a haɗe, mai bayarwa da mai karɓa duka suna cikin zunubi.

Sa'an nan ijara ba ta cinye haƙƙin Allah. A nan ne wanda ya ɗauki abin a matsayin aiki ya fi wanda ya mai da shi abin bauta samun sauƙi, domin ma'aikaci ya san akwai abin da ba ya cikin ciniki. Frederic Kanoute na Mali, sa'ad da yake Sevilla ta ƙasar Sifen, ya rufe tambarin kamfanin caca da ke ƙirjin rigarsa a 2006, a 2007 kuma ya fid da kuɗi fiye da yuro dubu 500 ya sayi ginin wani masallaci a birnin don kada a rufe shi. Papiss Cisse na Senegal ya yi jayayya da Newcastle a 2013 a kan tallan wani kamfanin bashi da ruwa, ko da yake daga baya ya sa rigar. A watan Afrilu na 2021 an ɗan tsai da wasa tsakanin Leicester da Crystal Palace don Musulmin da ke fili su sha ruwa. Ashe in mutum ya nuna yana da iyaka, ko a ƙasar da ba ta Musulmi ba ana iya saurarensa.

Mu dawo gida. Galibin wasanninmu da ƙarfe huɗu na yamma ake take su, ba a tashi sai wajen shida saura. A lokacin hunturu rana ta riga ta yi fatsi-fatsi a sa'an nan, lokacin muhtari na La'asar ya fita. Wasa kuwa ba ya cikin uzurorin da mazhabarmu ta yarda a haɗa salloli dominsu, irin su tafiya da rashin lafiya da ruwan sama. Saboda haka a yi sallar a farkon lokacinta kafin a shiga fili. Wannan magana ta fi shafar 'yan kallo, waɗanda ba a biyansu ko anini, su ne ma ke biya, amma su ne ke jin kiran salla su ce sai an tafi hutun rabin lokaci. Wandon wasa kuma a tsawaita shi ya rufe cinya har gwiwa.

Ga iyaye da samari kuma, ku sani sana'a ce mai gajeren kwana, kaɗan ne ke wuce shekara 35 suna cin abinci da ita, karaya guda kuma ta isa ta rufe ta. Ana yawan kawo misalin Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, ya tafi Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya, ya kuma gina wurin motsa jiki a Kano. Madalla. Amma a tuna da ɗimbin sa'o'insa da suka bar allo da boko da gona ba su kai ko'ina ba. Uban da ya sayar da gona ko shanun huɗa ya miƙa wa dillali bisa alkawarin gwaji a Turai, ba takarda, ba sanin ƙungiya, ba sanin lada, ya shiga cinikin garari, wanda aka hana.

Ragowar magana ta masu ƙungiyoyi ce, gwamnatoci ko attajirai. Sanin kowa ne a ƙasar nan ɗan wasa kan yi watanni yana bin bashin albashi, in ya yi magana a ce ba shi da kishin jiharsa. Kishi ba ya biyan bashi. Ibn Majah ya ruwaito umarnin a sallami ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, a cikin Buhari kuma akwai hadisin ƙudusi da ya lissafa mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Ɗan wasan da ya ji rauni a bakin aiki aka kore shi ba tare da an biya shi watannin da ya riga ya yi ba, bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi. In ɗan wasan ya rasu kafin a biya, kuɗin ya shiga cikin gādonsa, sai a nemi magadansa a miƙa musu.