FUSHI CIWO NE MAI MAGANI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasinmu na wannan mako a kan fushi ne, da kuma inda Musulmi zai nufa idan fushinsa ya fi ƙarfinsa.

Shi dai fushi halitta ce da Allah Ya sanya wa ɗan Adam. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kasa mutane uku game da shi cikin Ihya'u Ulumiddin. Akwai wanda ba ya fushi sam, ko da an keta haddin addininsa. Akwai wanda fushinsa ya wuce iyaka har ya rufe masa ido. Sa'an nan akwai matsakaici, wanda fushinsa ke bin umarnin hankali da Shari'a, shi ne kuwa abin yabo. A aya ta 134 ta Suratu Ali Imrana, Allah Ya lasafta masu haɗiye fushi cikin masu taƙawa. Hadisai kuma sun koya mana neman tsari daga Shaiɗan, da yin shiru, da zama idan ana tsaye, da kwanciya idan ana zaune.

To, amma akwai mutumin da ya san waɗannan duka, yana salla, yana azumi, da zarar an taɓa shi kuwa sai ya manta da kome. Ya doki yaro dukan da zai bar masa tabo, ya zagi maƙwabci, ya furta saki. In ya huce sai ya shiga zagayen malamai yana neman mafita. Alhali kuwa a mazhabar Malikiyya fushi ba ya hana saki aukuwa, sai fa idan hankali ya gushe ƙwarai har mutum bai san abin da yake faɗa ba. Ta haka igiyar aure ke tsinkewa, 'ya'ya su tashi a hannun kishiyar uwa. Irin wannan mutum wa'azi kaɗai ba ya isarsa, yana bukatar magani.

Kada wani ya ce zuwa wurin likita saboda fushi raunin imani ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da neman magani. Malamanmu na farko ma ba su raba ciwon zuciya da na jiki ba. Abu Zaidil Balhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun ba a kwanta ciwo ba, ya kuma nemi mai hikima da zai riƙa tunasar da shi.

Abin da masana halayyar ɗan Adam ke yi yau ya yi kusa da wannan. A shekarar 1975 wani masani ɗan Amurka, Raymond Novaco, ya fitar da hanyar horar da masu zafin zuciya, har yanzu kuwa ana gini a kanta. Ana zama da mutum, yawanci sau ɗaya a mako har 'yan watanni. A sa shi ya riƙa lura da abin da ke tunzura shi, da alamun da ke zuwa kafin ya fashe, watau bugun zuciya da ɗaurewar jiki da saurin numfashi. A koya masa jan numfashi a hankali, da barin wurin kafin baki ya suɓuce. Mafi muhimmanci, a koya masa tuhumar zatonsa. Wanda matarsa ta makara da abinci ya ce raini ne, sai a tambaye shi hujjarsa, a nuna masa wasu dalilan da ba su zo masa ba. Wannan shi ne kyautata zato da addini ya yi umarni da shi, sai dai a nan ana maimaita shi har ya zama ɗabi'a.

Ga mai neman wannan taimako, ga matakai. Na farko, ya fara da likita a asibiti mafi kusa, domin sau da yawa akwai abin da ke ƙarƙashin fushin, kamar rashin barci, ko ciwon damuwa, ko tsohon rauni a ka, ko firgicin da bai bar wanda ya tsira daga hari ba, ko shan ƙwayoyi irin su taramol da kodin. In ba a magance tushen ba, aikin banza ake yi.

Na biyu, ya nemi a tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma sassa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Shiga can ba ya nufin hauka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci da sirrinsa.

Na uku, ya faɗi gaskiya duka, har da duka in yana yi, gama wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Ya tambayi mai duba shi irin horon da ya samu da tsawon lokacin da aikin zai ɗauka.

Na huɗu, ya ci gaba da addu'a da zikiri da ruƙiyya ta Shari'a, amma ya nisanci duk wanda zai ce sai an ɗaure shi da mari ko an zane shi kafin aljanin fushi ya fita.

Wajibi ne kuma a kan liman da waliyyi, idan an kawo musu ƙarar mai dukan iyalinsa, kada su tsaya ga ba matar haƙuri kawai. Su fara tsare lafiyarta da ta 'ya'yanta, sa'an nan su ɗauki mijin su kai shi inda za a duba shi.

Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.